Ƙullin Riga a Kan Ruwa

Ni 'yar dutse ce. A Wurno aka haife ni, ƙasar Birnin Kudu, inda ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kududdufi, sai wanda kan kwanta a kan fa bayan an yi ruwan sama. Aure ne ya kai ni ƙasar Gwaram, wani ƙauye bayan Dingaya da ke zaune a bakin kogi. Da rani aka kawo ni. Na ga yashi shimfiɗe fari fat, na tambayi gwaggon da ta rako ni ina kogin da ake ta faɗa. Ta ce ai a kansa jakinki yake tafiya. Na ce in dai wannan ne kogi, to mutanen nan sun iya cika baki. Da damina ta sauka na janye maganata.

Abu guda na kawo gidan miji da ba wanda ya isa ya raina, shi ne kaɗi, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba. Matan garin suna kaɗa zare sakwa-sakwa, su yi hira su yi gyangyaɗi, mazari na juyawa yadda ya ga dama. Ni kuwa murza nake yi har sai zaren ya yi ƙara in ka ja shi. Masaƙa rububinsa suke yi. Rigar da aka saƙa da zarena sai dai mai ita ya gaji da ita ya bayar, in ƙaya ta kama ta ƙayar ce ke karyewa. Maigidana kan ce shi mace ya aura, aka ba shi sulke gyara. In ya faɗi haka sai in murguɗa baki kamar ban ji daɗi ba, alhali kuwa kaina har wani girma yake ƙarawa.

Wurin kaɗina gindin zanan tsakar gida ne, ta bayansa kuwa akwai durumin da maza ke zama in sun taso daga gona. Ta nan na san Baffa fiye da yadda suruka ya kamata ta san surukinta. Ƙanin mahaifin maigidana ne. Tun yana saurayi ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, ciwo ya kwantar da shi a bakin Kwara, madugu ya bar shi a hannun mutanen ruwa na ƙasar Nufe, a kan in ya warke ya biyo ayari na gaba. Bai biyo ba sai da furfura ta fara fito masa. Ya dawo ba yatsu biyu a hannun hagu, amma baki kam kamar an ƙara masa wani. Ya ce shekarun nan duk ya yi su ne yana tuƙi a jiragen yaƙin sarkin ruwa, kuma ba ranar Allah da ba ya tuna mana.

Labarinsa tun daga tushe yake ɗauko shi. Da fari, in ji shi, mutanen ruwa da filafilin da suke tuƙi suke faɗa, a kwaɗa wa juna a ka kamar masu faɗa da taɓarya. Sannan aka zo ga mashi da baka. Sai wani sarki ya gane cewa jirgin da kansa makami ne, ya sa aka riƙa sassaƙa wa jirage hanci mai tsini don su soki 'yan'uwansu. Bayan nan bindiga ta hauro daga bakin teku, aka koma yin manyan jirage masu ɗaukar mutanen unguwa guda, da rumfa a tsakiya don kada albarushi ya jiƙe. Daga ƙarshe ya rantse da idonsa ya ga jirgin Nasara na ƙarfe, yana hayaƙi, yana hawan ruwa ba mai tuƙa shi. Nan ne kullum jama'a ke fashewa da dariya. Ƙarfe a kan ruwa! Ni ma na taɓa jefa allura cikin ƙwaryar ruwa don in tabbatar, na kuwa ga inda ta tafi. Nasaran da har yau ba mu sa su a ido ba, shi ya riga ya hau su a baki.

In dariya ta yi yawa sai ya tattara kwasfar gyaɗa ya jera a ƙasa, ya ja layi da yatsa ya ce nan ne kogi. Ta ɓular zana nake leƙe. "Wanda ya riƙe saman ruwa shi ya riƙe yaƙi," haka yake farawa, "don kogi na tuƙa masa, wancan kuwa da kogi yake kokawa tun kafin ya iso gare ka." Ya ɗauki kwasfa guda ya juya ta. "Jirgi ba shi da ciki sai haƙarƙari. Ka ba abokin gaba hanci, kar ka kuskura ka ba shi haƙarƙari. Kuma kar ka ɓata kibiyarka a kan jarumi mai layu. Harbi mai tuƙi. Jirgin da ba mai tuƙi akushi ne." Yana hana miƙewa tsaye a cikin jirgi, yana cewa ko sarki a gurfane yake yaƙin ruwa. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne rata. A bar rata tsakanin jirgi da jirgi, yadda in ɗaya ya kife ba zai ja ɗan'uwansa ba. Yana da labarin wani sarkin tudu da ya sauko da dawaki zai yaƙi mutanen ruwa, ya ga ba zai iya tsayuwa a jirgi ba, sai ya sa aka ɗaure jiragensa duka da igiya aka shimfiɗa itatuwa a kai, suka zama kamar daɓen ɗaki. Mutanen ruwa ba su ko harba kibiya ba. Tsohon jirgi guda suka cika da ciyawa suka cinna masa wuta suka sako shi daga sama. Baffa kan tattara kwasfar duka a hannu ya murƙushe, ya ce, "Abin da aka ɗaure tare, a ruwa tare yake tafiya."

Har sai da ya sa masassaƙi ya fafe masa gungumen maɗaci, kwale-kwale siriri mai hancin nan da yake faɗa. Da yake ba wanda za a yaƙa, sai aka ja shi bakin rijiya shanu na shan ruwa a ciki. Yara na wucewa suna gaida shi da sarkin ruwan shanu, shi kuma yana bin su da sanda.

Ina da 'ya guda a lokacin, 'yar farina. Kowa ya san dokar 'yar fari. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, a ɗakin kakarta take kwana, in ta faɗi ta fashe da kuka sai in kau da kai in bar wata ta ɗaga ta. Wanda bai sani ba sai ya ce ba na sonta. Ƙanzon tukunya da take so kuwa kullum ni ke ɓoye mata, in miƙa wa surukata in ce ga shi ko akwai mai so. Zanen da take ɗaurawa, saƙi mai baƙi da fari, ni na kaɗa zarensa tun daga auduga.

A daminar da nake magana ta fara ɗaukar ƙaramin tulu. Ƙanena kuma ya zo daga Wurno zai taya mu maimai. Saurayi ne dogo, mai saurin dariya, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Na ba shi sabuwar riga irin wadda na yi wa maigidana, zare guda, masaƙi guda. Tsakaninsu sai tsokana, kamar yadda ake yi tsakanin miji da ƙanin mata. Maigidana ya tashi a kogin nan, yana ƙetare shi a cike da damin dawa a ka, don haka in ya ga ƙanena na wanke ƙafa a gaɓa sai ya ce, "Ɗan dutse, riƙe ciyawa kar kifi ya ja ka." Shi kuma ya ce, "Yaya, bari dai a zo tudu. Ranar da aka buga gangar yaƙi da kai zan ƙulla riga, in ga ko ƙafarka na da ƙarfi irin na bakinka."

Ƙullin riga tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu, daga Birnin Kudu har Gwaram. In maza suka fita, sai sun hango abokin gaba da ido tukuna, sannan kowa ya kama bakin rigarsa ya ƙulla da na wanda ya amince da shi, biyu-biyu. Ma'anarsa ba gudu, inda ɗaya ya tsaya nan ɗayan zai tsaya. Kakana ya yi shi a ƙofar ganuwa, kuma shi ya hana a ci garin. Mace in ta ga mijinta ya ƙulla riga sai ta rangaɗa guɗa, don ba abin da ya kai wannan a wurinmu.

Maharan da ke saukowa daga duwatsun kudu da rani muka san su. In an yi girbi kowa yana barci da kunne ɗaya, amma da damina sai a saki jiki, tun da kogi ya tsaya mana ganuwa. Shi ya sa da hantsin nan da aka ji kururuwa daga maƙetara, da yawa suka ɗauka kada ne ya kama akuya. Ashe sun zagayo ta wani mashigi can sama, suka faɗa wa mata da yara da ke wanki da ɗibar ruwa. Suka ƙwace manyan jiragen fito biyu da garin ya dogara da su, suka tura mutanenmu ciki, suka tilasta wa 'yan fito su tuƙa. Kafin maza su iso daga gona sun kai tsibirin da ke tsakiya. Sai Allah ya kawo ruwan da aka kwana ana yi a kan duwatsu, ya iso ja wur da itatuwa a kansa, reshen kogin da ke can gaba ya haukace. Suka maƙale a tsibiri, ba gaba, ba baya.

Na iso gaɓa da mazari a hannu, ban ma san ban ajiye shi ba. Daga nan ana hango su. Ban ga fuskar 'yar tawa ba, amma na ga zanen, baƙi da fari, a zaune a bakin ruwa cikin waɗanda aka ɗaure. Iyaye mata na ta birgima suna kiran sunayen 'ya'yansu. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam kusa da surukata, baki a rufe, don 'yar fari ce. Wallahi na so in tsaga kogin nan da ihu. Surukata ta dube ni sau ɗaya, sai ta sa hannu a baki ta ƙwala kiran sunan, ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Ban taɓa gode mata ba, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Baffa ne ya fara yin abu mai ma'ana. Ya kafa kara a bakin ruwa ya yi masa shaida, ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, in ruwan nan ya sauka ƙasa da nan, sun ƙetare, kuma sai dai mu ji labarin 'ya'yanmu a kasuwannin wata ƙasa." Ba wanda ya yi dariya. Aka tura masu gudu ƙauyukan bakin kogi har wajen Kwandiko, aka kawo ƙananan kwale-kwalen masunta a kafaɗa. Aka zubar da ruwan shanu aka jawo na Baffa. Da gari ya waye ruwa ya fara barin shaidar kara.

Mai gari mutumin kirki ne, kuma ya yi yaƙi a tudu ba sau ɗaya ba. Ya dubi 'yan jiragen nan suna rawa a kan ruwa, ya ce, "Baffa, mutanenmu ba za su iya jan baka a cikin wannan abu ba. A kawo igiya a haɗa su wuri guda, a ɗora asabari, mu sami wurin tsayuwa."

Baffa ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. "Ranka ya daɗe, shekara nawa ina ba ku labarin sarkin nan kuna dariya? Wanda ya kawo igiya kusa da jiragen nan, da ita zan ɗaure shi!"

Mai gari ya ce, "To, yau ranarka ce. Faɗi yadda za a yi."

Ya faɗa kuwa, kuma ban taɓa ganin tsari irin wannan ba. Ya sa aka ɗauki jiragen ta cikin gonakin dawa, inda ba za a hango su ba, aka kai su can sama bayan lanƙwasar kogi. Ya sa mu mata muka kwaso goruna da ƙore, aka kifa musu huluna da tsummoki, ya ce in ya ba da alama a sako su daga gaɓarmu ana buga ganguna. Ya raba maza, masu iya ruwa ga tuƙi, masu baka a tsakiya a gurfane. Wuri guda kawai aka yi masa gardama. Ya ce kowa ya tuɓe riga, mutanen ruwa daga su sai bante suke yaƙi. Maza suka ce a'a. Layunsu a jikin rigunan aka ɗinke, kuma Musulmi ba ya tarar mutuwa tsirara. Liman ma ya goyi bayansu. Baffa ya dubi karan shaida, ya ga ruwa na ta sauka, ya ce, "To ku tattare su ku ɗaure tam da ɗamara, kar su sha ruwa su yi nauyi." Suka yi yadda ya ce.

Maigidana ya bi ta gabana bai tsaya ba, sai dai ya ce a hankali, "Ke, ɗora ruwan zafi, yarinya za ta dawo da sanyi." Ƙanena na bayansa da kwari a rataye, fuskarsa ta yi toka-toka amma yana murmushi. Na so in ce ya zauna, ai shi baƙo ne, ruwa kuma ba nasa ba ne. Ban ce ba. Wace yaya ce za ta kunyata ƙaninta a gaban surukai?

Rana ta ɗan karkata aka ba da alama. Muka sako gorunan, ganguna suka ɗauka, sai ga kogi ya cika da kawuna masu huluna suna nufar tsibiri. Mahara suka ruɗe. Kibau suka riƙa zuba a kan goruna, har kana jin ƙwas-ƙwas daga gaɓa. Suka cika manyan jiragen nan biyu da masu baka suka fito tarar maƙiyan da babu su, suka juya hancinsu wajenmu. Wato sun ba saman kogi haƙarƙari ke nan.

Sai ga namu sun ɓullo daga lanƙwasa. Na Baffa a gaba, shi a gurfane a hancinsa, sauran a baje a bayansa hagu da dama, kowane da ratarsa, kogi na koro su da gudu. Za su bi ta kusa da inda muke tsaye. Nan ne maza suka hango abokan gaba da ido. Na ga maigidana ya ajiye filafili a cinya, ya zaro bakin rigarsa daga ƙarƙashin ɗamara, ya miƙa baya. Ƙanena ya zaro nasa. Suka ƙulla, suka ja suka ƙara ƙullawa. A sauran jirage ma haka, biyu-biyu, mai tuƙi da mai baka. Gaɓa ta ɗauki guɗa, tawa ta fi ta kowa, don mijina da ƙanena ne. Baffa bai waiwayo ba. Ya ɗauka shi ake wa, har ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya amsa.

Komai ya tafi yadda yake jerawa da kwasfar gyaɗa. 'Yan fitonmu da aka tilasta wa tuƙi suna ganin namu suka faɗa ruwa suka bar jiragen. Maharan da suka ɗauki sandunan tuƙi kibau suka same su. Babban jirgi na farko ya riƙa juyi a wuri ɗaya, akushin da Baffa ke faɗa, sai hancin maɗaci ya same shi a tsakiya, ya tuntsure da duk wanda ke ciki. Na biyun ya so komawa tsibiri, ƙananan namu suka kewaye shi ta sama suna harbi. Na buɗe baki ina kallo. Ashe duk shekarun nan tsohon nan gaskiya yake faɗa, mu muna kiransa sarkin ruwan shanu.

An riga an ci yaƙi lokacin da abin ya faru. Jirgin su maigidana ya kusa tsibiri, wani daga cikin maharan da suka faɗa ruwa ya kama gefensa, wani namu ya miƙe tsaye zai sare shi. Shi ke nan. Jirgin ya kife, na kusa da shi ya zo ceto shi ma ya karkata ya zubar da mutanensa. Ban ji tsoro ba da fari, ina faɗa muku gaskiya. Rabinsu 'yan kogi ne, ga goruna ko'ina a kan ruwa, ga tsibiri kusa. Na tsaya ina jiran kan maigidana ya ɓullo, ya yi furzar nan da yake yi, ya jawo ƙanena.

Kawuna suka ɓullo biyu-biyu, suka nutse biyu-biyu. Mai iya ruwa ya taso, wanda bai iya ba ya ja shi ƙasa. Su sake tasowa can gaba, su sake komawa. Guɗar da ke bakinmu ta mutu. Wata tsohuwa kusa da ni ta dafe kai ta ce, "Innalillahi, rigunan!" Sai a lokacin na gane abin da nake kallo. Na ga wasu sun fito gaɓar tsibiri suna tari, rigunansu a kece, kowa na jan ɗan'uwansa ta hannu ko ta gashi. Na yi ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Nawa biyun ba sa ciki.

Kafin la'asar aka ƙetaro da mutanenmu duka, ba a rasa yaro ko ɗaya ba. Baffa da kansa ya sauko da yarinyar daga jirgi ya sa ta a hannun kakarta. Ta dube ni ta kan kafaɗar kakar, na dube ta. Lafiyarta ƙalau, sai shatar igiya a wuyan hannu. Na koma gida na tarar da ruwan zafin da aka ce in ɗora ya ƙone ƙurmus, na sake ɗora wani, kakarta ta yi mata wanka.

Washegari masunta suka sami maigidana da ƙanena can ƙasa a cikin saiwoyin wani ɓaure, tare da sauran. Baffa bai san kome ba sai da aka shimfiɗe su a gaɓa. Ya ɗauka kibau ne suka ci mutanensa. An ce ya durƙusa ya ɗaga ƙullin yana juya shi, ya tambaya yaushe aka yi wannan. Aka ce masa bayan ya juya baya, da aka hango abokan gaba, kamar yadda aka saba. Ya ce, "Na hana ɗaure jirage." Ya yi ta maimaita ta kamar wanda ya manta sauran magana. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, shi ma ya san al'adar, amma shekarun da ya yi cikin mutanen da ba sa yaƙi da riga sun share masa ita. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da wuƙa aka raba su kafin a yi musu wanka. Daga ranar ban sake jin muryar Baffa a gindin durumi ba. Maza kan roƙe shi labarin jirgin ƙarfe, yanzu da suke shirye su yarda, sai ya tashi ya bar musu wurin. Kwale-kwalen kuwa da hannunsa ya mayar wa shanu.

Na yi takaba, na aika wa mahaifiyata kwarin ƙanena. Ban koma Wurno ba, don yarinya ta gidan ubanta ce, ni kuma ba zan iya nisa da ita ba ko da ba na faɗa. Na ci gaba da kaɗi, da shi muka ci muka sha. Yarinyar ba ta taɓa yin maganar tsibiri ba, ni kuma ba ni da hurumin tambayarta.

Da ta kai shekarun koyon kaɗi, kakarta ido ya yi rauni, dole aikin ya faɗo kaina. Yarinya ce mai hannu, daka da girki da kitso duk sau ɗaya ake nuna mata. Amma zarenta abin kunya. In ka ja shi sai ya rabu kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Na nuna, na sake nunawa, na murza a gabanta ta gani. Washegari sai ta kawo min irin na jiya. Wata rana da hantsi muna gindin zana haƙurina ya ƙare, na fizge zaren na tsinka shi a gaban idonta.

"Wannan zare ne ko yanar gizo? 'Yar wa za a ce ke? Rigar da aka saƙa da wannan ko kaza ta taka sai ta kece!"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Inna. Da gangan nake yi."

Ba ta ɗago ba.

"Ku daga gaɓa kuna nesa," ta ce. "Mu a bakin ruwa aka zaunar da mu. Baba ya taso kusa da ni, ya gan ni. Ya tura wa Kawu gora, Kawu ya kasa riƙewa. Ya so ya cire rigar, ɗamara ta hana, wuƙarsa kuma ta tafi. Sai ya kama rigar da hannu biyu yana ja. Na kusa da su duk nasu sun yage sun fita. Ya sa haƙori, Inna. Ya nutse ya taso, rigar na bakinsa yana ja. Ba ta yage ba."

Ban san lokacin da yatsuna suka buɗe ba. Mazarina ya suɓuce daga hannuna ya tsaya yana reto a jikin zaren da na murza, zaren kuwa bai tsinke ba.